Sawun Tayata a Bakin Rijiya

Kafin in canza taya, babu mai neman agogo tsakanin Sabon Birni da Isa. Akori-kurata ce agogon. Tayoyinta na dā manyan haƙora gare su, irin na motar noma, in na hau kwalta sai su kama kuka kamar an tara kuraye arba'in an hana su kalaci. Mutanen Gatawa sun sha gaya mini cewa tun ina barin tasha matansu ke cewa, "Direban nan mai tumbi ya taso." Wani ma ya rantse mini liman ya taɓa jinkirta tada salla sai da na wuce. Ban tabbatar ba, ban kuma ƙaryata shi ba, don shi ma in na ba shi nawa labarin ba ya ƙaryata ni.

Shekarun fari ne. Damina ta bi damina, gero ya fito ya kai gwiwa ya tsaya yana kallonmu muna kallonsa. Lodina ya canza. Dā buhunan gero da wake nake ɗauka, da 'yan kasuwa masu kai kaya bakin iyaka. Sai na koma ɗaukar fatun shanun da yunwa ta kayar, da iyalai masu tabarmi da tukwane da suka nufi kudu ba su san ranar dawowa ba. Tumbin nawa da ake yi wa kirari ya koma kamar salkar da aka manta a rana.

Akwai wani Bafillace da nake kira Baffa, don ya girme ni nesa, shi kuma bai taɓa kirana da komai ba sai Kaɗo. Rugarsa tana bayan Tsamaye. Mun san juna tun wata damina ta lokacin arziki, da na kafe a laka har ƙofa, ya zo da bijimai biyu ya fitar da ni, ya kuma ba ni nono na sha har na kasa shiga bayan sitiyari. Garken da na sani a wancan lokaci, in ya ratsa titi sai ka kashe mota ka ci goro. A shekarar da nake ba da labari, abin da ya rage masa bai kai yatsun hannu biyu ba.

Ranar kasuwar Sabon Birni ya same ni a tasha. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya sake tambayar gida. Na san akwai magana. Sai da ya gama zana ƙasa da sandarsa sannan ya ce, "Kaɗo, motarka tana ɗaukar saniya?"

Na ce, "Baffa, giwa ma tana ɗauka, in ka samo ta."

Bai yi dariya ba. Nan na haɗiye sauran.

Wata jar saniya ce, kuma ba tasa ba ce. Saniyar aro ce, irin wadda suke ce wa haɓɓanaye: aboki ya ɗaure maka saniya ka kiwata, ka sha nono, 'ya'yan da ta haifa su zama naka, daga baya ka mai da masa uwar da ƙafarta. Mai ita yana Kamarawa, can wajen Isa, kusa da fadama, kuma an ce yana da sauran harawa. Saniyar tana da tsohon ciki, ta rame har in ta kwanta ba ta iya tashi sai maza sun sa sanduna ƙarƙashinta sun ɗaga. Tafiyar ƙasa zuwa Kamarawa ta fi ƙarfinta.

Baffa ya ce, "Nawa in sun mutu, nawa na. Wagga ko, in tam mutu hannuna, ban san da wane ido za ni duban mai ita ba."

Na ce jibi da hantsi za ni zo.

Ya ce, "Sai dai kukan motar nan taka. Ko daga nesa taj ji shi zabura takai. In ta yi ta harbe-harbe cikin bodi, ko ƙafa ta karye ko cikin shi zube."

Gaskiya dama tayoyin sun gama aiki. Biyu na baya facin da ke jikinsu ya fi tayar yawa, mai facin tasha har ya fara gaishe su da kansu. Don haka daga wurin Baffa na zarce shagon wani Alhaji mai kawo tayoyi daga Maraɗi.

Ya fara gangaro mini da wata mai sumul, zanenta sirara kamar kitson amarya.

Ya ce, "Wagga ba ta magana ko kaɗan. Awa ka hau tabarma."

Na ce, "Alhaji, ka ga na yi kama da malamin makaranta? In sa wagga in shiga tasha, 'yan kamasho su ce mini barka da zuwa ranka shi daɗe? Kuma rairayin Tsamaye haɗiye ta za shi yi har da ni."

"To ga ƙanwar tsohuwarka."

Ya turo mai manyan haƙora. Wallahi sai da zuciyata ta motsa. Taya ce wadda in ka ajiye mota a kanta, ko injin ya mutu mutane za su matsa maka. Na shafa ta, na tuna jar saniya, na janye hannu.

Na ce, "Ina son wadda in an gan ta a ji tsoro, in an saurara kuma a ji ba komai."

"Kai dai mata biyu kaka so cikin zane guda."

"In akwai, kawo."

Ya shiga can ƙurya ya daɗe, ya fito da wata yana kaɗe mata ƙura da hularsa. Gefenta haƙora ne masu kauri, sun gangaro har kafaɗa, amma tsakiyarta zanen a haɗe yake, yana tafiya a karkace ba ya yankewa. Ya kama hannuna ya bi da tafina a kai. Ya ce ramukan da ke tsakanin manyan haƙora su ke kama iska su yi kuka, wannan kuwa a kwalta tsakiyar ce ke taka ƙasa, haƙoran gefe sai an shiga rairayi suke cin abincinsu. Ban yarda da baki ba. Na sa ya gara mini ita a kan simintin shagon, na durƙusa na kara kunne kamar mai sauraron gulma. Na sa ya gara mai haƙoran. Ko a hannu ma bambancin a fili yake: ɗaya tana gurnani, ɗaya tana wucewa sululu.

Sai ya ƙara da abin da ya ƙarasa ni. Ya ce, "Irinta fa ma'aikatan gwamnati ka sa ma jif ɗinsu. Duk ƙasar ga babu ɗan kasuwa mai ita."

Na ce a ɗaura huɗu.

Washegari na gwada su a kwalta. Abin har da ban tsoro. Na ji ƙarar wasu kusoshi a motata da ban taɓa sanin suna nan ba, na ji kukan cikina, na ji wani fasinja a baya yana zagina a hankali, ga alama ya shekara yana yi. Na wuce Gatawa babu wanda ya ɗaga kai. Wannan ya ɗan sosa mini rai, ba zan ɓoye ba, amma da na tsaya shan ruwa mutane suka kewaye tayoyin suna taɓawa, sai na huce.

Saura rairayi. Ban so in ɗauko saniyar mutane sannan in gano tayar ƙarya take. Da la'asar na bi hanyar Tsamaye ni kaɗai, na saki titi, na nufi rijiyar da su Baffa ke shayarwa. Rugar tana bayan wani tudu, ba a hango ta daga rijiyar. Babu kowa a wurin. Tayar ta ratsa rairayin kamar wuƙa a man shanu. Daɗi ya kwashe ni na kewaya rijiyar sau biyu, na sauko na tsaya ina kallon sawun da na bari, zane reras kamar aikin wuyan riga.

Na yi niyyar hawa tudun in gaishe su, sai na fasa. In baƙo ya sauka a ruga dole a kawo masa nono. Na san babu. Na san kuma Inna, matar Baffa, za ta juye ɗan abin da ta tatsa don jikokinta ta kawo mini da murmushi, in na ƙi sha na ci musu fuska, in na sha na ci haƙƙin yara. Na ce gobe ma rana ce. Na juya na tafi, ina yaba wa kaina da hankali.

Abin da ban tuna ba, kuma na san shi sarai, shi ne irin tsoron da ke cikin daji a lokacin. Magana ta bazu a rugage cewa ma'aikata na yawo suna kama shanun da suka ƙetara iyaka neman ciyawa suka dawo ba takarda, kuma wai duk saniyar da aka samu ta kasa tashi a nan take ake sa mata wuƙa. Ni ban taɓa ganin an yi ba, ban kuma ga wanda ya gani ba, amma kowa ya san wani da ya san wani. Shanun Baffa kuwa sun ƙetara sun dawo. Kuma Bafillace ba ya wuce sawu bai karanta ba.

Da hantsi na iso kamar yadda na yi alkawari, na hau tudun da mota ina shirin yadda za ni yi wa Baffa kuri. Babu ruga. Bukkokin na nan tsirara, an yaye tabarmin, turakun maruƙa a tsaye babu igiya. Na sauko na sa hannu a toka. Da ɗumi.

Can gefe na hango wani mutum, manomi daga Tsamaye, yana haƙa gidan tururuwa da fartanya yana neman ɗan hatsin da suka tara. Haka aka koma a shekarun nan. Na yi masa sallama na tambaye shi Fulanin nan.

Ya ce, "Ai tun asuba sunka tashi. Ma'aikata sunka zo jiya."

"Wane ma'aikata?"

"Wa ya sani? Da marece da sunka kawo shanu shan ruwa sunka iske sawun jif, ya kewaye rijiya har sau biyu. Kuma babu wanda yaj ji ƙararta. Tsohon ya ce motar da taz zo a ɓoye ta duba wuri, gobe da mutane za ta dawo."

"Ba su ce ko direban nan na Sabon Birni ba ne?"

"An ce. Tsohon ya ce a'a, shi Kaɗo tun daga titi aka jin shi, kuma sawunai ba haka shi ke ba."

Yana magana idonsa ya sauka kan tayata. Ya bi sawun da na bari yanzu da kallo, ya dawo kan tayar, ya ɗago ya dube ni. Ya ajiye fartanyar a hankali.

Na ce, "Jar saniyar fa?"

"Sun tada ta da sanduna. Tana tafiya suna riƙe da ita. Arewa sunka yi."

Arewa iyaka ce. In suka ƙetara, motata ba ta da takardar bin su. In ma ba su ƙetara ba, saniyar da ba ta iya tashi da kanta tun asuba take taka rairayi, ga rana ta fara nuna hali. Na ce wa mutumin don Allah ya shigo ya nuna mini sawu, ni direba ne, sawun taya kaɗai na iya, shi ma ga inda ya kai ni.

Ya ɗauki fartanyarsa ya shigo, muka bi su. Yana leƙe ta taga yana nuna mini da hannu: nan jakai, nan mata, nan sauran shanun, nan kuma ita, ƙafarta ta baya tana jan ƙasa, da sawun maza biyu dama da hagu. Ba mu yi nisa ba ya ce in tsaya. Wuri ne da rairayi ya baje, ga ramin gwiwoyi, ga inda aka kafa ƙafa aka yi nishi.

Ya ce, "Nan taf faɗi."

Muka ci gaba. Ya sake nuna wani. Da wani. Tazarar da ke tsakaninsu tana raguwa, ko ni da ban iya karatun ƙasa ba na ga haka. Na ƙara wuta. A kan wani tudu na hango su can nesa, ɗigo-ɗigo cikin hasken rana, na ce alhamdu lillahi, na danna oda.

Mutumin ya damƙe hannuna. Ya ce, "Kai, dubi!"

Ɗigon sun watse. Wasu sun yi gaba da sauri, wasu sun karkata cikin wani kwari mai ƙaya. Na waiwaya na ga ƙurar da na tayar ta miƙe sama kamar hayaƙin gobara. Sun ga mota na bin su, ba su ji kukan da suka sani ba. Ni ne nake kora su. Duk taku ɗaya da na matsa, sai an ƙara wa saniyar nan goma.

Na kashe mota. Na ce wa mutumin ya zauna da ita. Na tuɓe babbar riga, na kama gudu.

Rabona da gudu tun ina satar mangwaro. Rairayin ya ƙone mini ƙafa ta cikin takalmi, ɗaya ma ya tsinke na bar shi nan, watakila har yau yana jirana. Ina gudu ina kiran Baffa, amma maƙogwaron ya bushe, abin da ke fita ko akuya ba za ta waiwaya ba. Na shiga kwarin, ƙaya ta karɓi rabonta a hannuna da wando. Na sake wuce wurin faɗuwa, wannan karon da ɗan jini inda gwiwa ta goge.

Na fito bayan wata aduwa na gan su. Saniyar tana kwance a gefenta, wuya a miƙe, an juya kanta gabas. Ƙanen Baffa ɗaya ya danne ƙahon. Baffa na durƙushe, ya naɗe hannun riga, wuƙa a hannunsa. Na san abin da ake ciki. Ba a barin dabba ta zama mushe. In ta ɗauko hanyar mutuwa sai a riga ta, a kai wa mai ita fata shaida. Ɗaya ƙanen ya gan ni, ya yo kaina da sanda a sama.

Ban san inda muryar ta fito ba. Na ce, "Baffa! Ni na! Kaɗonka na!"

Sandar ta tsaya a sama. Baffa ya ɗago, wuƙar ba ta motsa daga inda take ba.

Ya ce, "Suna bayanka?"

"Babu kowa."

"Mun ga ƙurarsu."

"Tawa ta. Sawun rijiya ma nawa na. Taya nac canza."

Na faɗi zaune ina haki, na ba su labarin guntu-guntu. Da na gama, ƙanen mai sanda ya ce, "Kai da motarka ka kuka awa jakin da anka raba da uwa, mi ya rufe mata baki?"

"Baffa ya ce kukan za shi kashe saniya."

"To shirun fa, mi yay yi mata?"

Na fi so Baffa ya zage ni, ko ya karɓi sandar ya sauke mini. Bai yi ba. Ya dubi saniyar ya ce, "Sau shida munka tada ta. Na bakwai ta ƙi." Ya sa tafin hannu a bakin hancinta ya daɗe. Sannan ya mai da wuƙar kube, ya ce, "Kawo motar."

Na koma da ƙafa ɗaya ba takalmi. Muka rage wa tayoyin iska don su baje a rairayi, na lallaɓo ta cikin kwarin kamar mai ɗauke da ƙwai. Saniyar ta ga mota ta tsaya dab da ita, ko kunne ba ta kaɗa ba. Ban sani ba ko shirun tayar ne, ko kuwa ta wuce inda ake zabura.

Ɗaga ta zuwa bodi ba zai yiwu ba, mu biyar ne kuma babu mai ƙoshi a cikinmu. Fartanyar mutumin Tsamaye ce ta cece mu. Muka haƙa rami mai gangare dab da saniyar, na sa tayoyin baya a ciki da baya-baya har bakin bodi ya yi daidai da ƙasa. Muka zuba rairayi a bodin, muka shimfiɗa tabarma. Akwai wata busasshiyar fata da ta rage daga lodin jiya. Muka tura ta ƙarƙashin saniyar muka ja. Baffa ya ga fatar ya kau da kai.

Saura fita daga ramin. In taya ta juya a banza sau ɗaya, za ta haƙa wa kanta kabari, mu kwana nan. Na yi bisimilla, na sa giya, na saki a hankali kamar mai zare ƙaya daga ido. Motar ta yi nishi. Ta tsaya. Na ji haƙoran gefen nan sun kama, ta ɗago, ta sake ɗagowa, muka fito. Mutumin Tsamaye ya yi kabbara shi kaɗai.

Ƙannen suka tafi neman mata da sauran shanu. Baffa ya hau baya ya zauna, ya ɗora kan saniyar a cinyarsa. Gilashin bayan kujerata ya daɗe da fashewa, don haka ta nan ya leƙo ya ce, "In na buga bodi, ka tsaya nan take. Kada ka tambaye ni."

Na ce to.

A bakin titi muka sauke mutumin, na ba shi ɗan geron da ke ƙarƙashin kujera, na tsaya mai da iska da famfon hannu. Taya huɗu, rana a tsaka. Kowace dannawa ina jin kamar da numfashin saniyar nake cika su. Baffa yana jiƙa gefen rawaninsa da ruwan gora yana shafa mata a hanci.

Muka hau kwalta. A nan na san abin da na saya. Da tsofaffin tayoyina ne, da ban ji komai ba sai na iso in ga abin da Allah ya yi. Yanzu kuwa komai a kunnena yake. Ina jin numfashinta, ja ɗaya mai tsawo, sai shiru, sai ta sake shi da wani ɗan gurnani. Ina jin Baffa yana yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, irin yadda ake lallashin mai naƙuda. Na kama ƙirga shirun da ke tsakanin numfashi da numfashi ba da niyya ba. In na yi sauri rami zai jijjiga ta, in na yi sannu rana za ta gama da ita. Duk ramin da na kauce wa a ranar, da na san sunan kakansa da na gaishe shi.

Mun wuce Sabon Birni, 'yan tasha suna ɗaga mini hannu ban gan su ba. Mun wuce Gatawa. Kaɗan bayan nan numfashin ya ja, ya tsaya. Na jira. Bai dawo ba. Baffa ya daina magana. Sai na ji ɗan sautin nan na wuƙa tana barin kube, sautin da ko a ɗaki ba kowa ke jinsa ba.

Ƙwam! Aka bugi bodi.

Na taka burki. Ban waiwaya ba, na kafa goshi a sitiyari ina jiran in ji bisimilla.

Baffa ya ce, "Kaɗo, mi ya tsai da kai?"

"Ka buga."

"Ba ni ba na. Ƙahonta na. Kai tat tada."

Na leƙa. Ta ɗaga kai daga cinyarsa, tana shaƙar iska ta gefen fadama, hancinta na motsi. Wuƙar na hannunsa har yanzu. Ya ce, "Tafi." Na tafi.

La'asar ta yi muka shiga Kamarawa. Mai saniyar wani dattijo ne siriri, ya fito daga bukka yana gyara rawani. Na ɗauka za a ruga a sauke ta. Ina! Suka tsuguna suka kama gaisuwa. Gida lafiya, yara lafiya, shanu lafiya, zafi, gajiya, mutanen arewa, mutanen kudu. Kowa na cewa lafiya lau, saniya na kwance a bayansu tsakanin rai da mutuwa, ni kuma ina tsaye da takalmi ɗaya ina jin kamar in yi ihu. Sai da suka kai ƙarshe dattijon ya taso ya leƙa bodin. Ya daɗe yana dubanta. Ya shafa gwiwar da ta goge.

Ya ce, "Da ta mutu wurinka, ai gida tam mutu."

Baffa ya ce, "Na sani."

Baffa bai ba dattijon labarin sawun ba, bai dube ni ba.

Aka kira maza daga maƙwabta, muka ja da baya zuwa wani tudun ƙasa, aka zamo da ita a kan fatar. Aka kawo ruwan dusa a ƙwarya, dattijon yana ba ta kaɗan yana janyewa, kada ta shaƙe. Ta sha. Aka bar ta ta huta har inuwa ta yi tsawo. Sannan aka kawo sanduna biyu masu kauri, ɗaya aka tura bayan ƙafafun gaba, ɗaya gaban na baya, a yi hankali da cikin. Mutum huɗu a sanduna, ɗaya a wutsiya, Baffa a ƙaho. Ni aka ba ni ƙarshen sandar baya.

Muka ɗaga. Nauyinta ya ba ni mamaki, dabbar da ba komai a jikinta sai ƙashi da ɗa. Ƙafafun suka sauka suna lanƙwashewa kamar igiya. Dattijon ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙewa yana kafa kofato a ƙasa. Ya ce a riƙe. Muka riƙe har kafaɗata ta mutu. Ya ce na gaba su sassauta. Suka sassauta, ta yi tangaɗi, ta tsaya. Ya dube ni da abokin riƙona ya ce mu ma. Ban so ba. Na saki da yatsa ɗaya-ɗaya, sandar ta faɗi ƙasa.

Tana tsaye. Jikinta duk yana kyarma, amma tana tsaye. Dattijon ya miƙa mata damin harawa, ta shinshina, ta fizgi baki ɗaya ta fara tauna.

Baffa ya kwance igiyar da ke wuyanta, ya naɗe, ya ɗaura mata wadda dattijon ya miƙo, ya sa ƙarshen a hannun mai ita. Aka ce mu zauna a dama fura, Baffa ya ce a'a. Ya juyo ya ce, "Kaɗo, mu koma. Mata na cikin daji."